Hamidu Baduku, Mai Ɗinka wa Babur Aljihu

Shekara da shekaru, kafin mai shayin bakin tashar Batsari ya gama hura wuta, Malam Hamidu baduku ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa a rumfar da ke jingine da katangar masallaci. Zai zauna ya miƙe ƙafa ɗaya, ya jera basilla da wuƙa da dunƙulen zare a gefen damansa, ya yi bisimilla, sannan ya ɗaga kai ya amsa gaisuwar duk wanda ya wuce. Wata tara na shekara aikinsa irin na kowane baduku ne, takalmi da kube da ragamar jaki. Amma da zarar an kwashe dawa daga gona, iska ta juya, sai ya tura takalman gefe ya janyo tarin buzun ragunan da ya adana tun Babbar Salla. Wata ukun ɗari, lokacin sanyi, na masu babur ne.

Abin da yake ɗinka musu, aljihu suke ce masa. Jaka ce guda biyu, dama da hagu, da ake ɗaurewa a hannun babur, su rufe mariƙi da birki da kuloci gaba ɗaya. Ciki buzu ne, gashin yana kallon hannu, waje kuma tamfol. Mutum ya zura hannuwansa ya kama hanya, iska ta yi ta dukan tamfol har ta gaji. Yau duk wanda ya tsaya bakin hanyar Yasore ko Karare da sassafe zai ga aljihun nan a kan babur bayan babur, har ya ɗauka da shi aka ƙero su. Ba da shi aka ƙero su ba. A rumfar nan aka fara, shekara goma sha takwas da suka wuce, kuma saboda hannun mutum ɗaya.

Kafin nan dabarar 'yan kabu-kabu guda ce, sun gaje ta daga junansu ba wanda ya tsaya ya tambayi hankalinta. In sanyi ya sandarar da yatsu, sai a tsaya gefen hanya a dafa salansa har jini ya dawo. Safar hannu wai tana sa totur zamewa, kuma ma wai namiji ba ya jin sanyi. Wanda ya fara faɗin wannan magana da alama a gindin murhu ya faɗe ta, matarsa na tura masa itace. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, hannun da sanyi ya kashe ba ya jin zafi ma. Kafin ya gaya wa mai shi zafin ƙarfen ya yi yawa, fata ta riga ta tafi.

Haka ta faru da Surajo, Bafulatanin Tsaskiya. Shanun gidansu sun ragu har ba su iya riƙe gida, babur ya zama garkensa. Kowace safiya bayan tatsa yana zagaya ruga uku ya karɓi madarar mata a jarkoki, ya kawo Batsari kafin rana ta ɗumama ta. Da wannan zirga-zirgar yake ci da tsohuwarsa da iyalinsa, matan rugagen kuma ba su da wani mai kai musu. Wata safiya ya tsaya bakin tasha kafin shiga gari ya dafa salansa da tafin dama, yana hira da wani. Ƙauri ya fara ji kafin zafi. Masu ba da shawara suka taru, wannan ya ce a fasa ƙwai, wancan ya ce baƙin mai. Hamidu ne ya taso daga rumfarsa ya ce a bar ƙwan don a ci, a kai mutum asibiti.

Ciwon ya warke, amma tafin ya tsuke, ƙananan yatsu biyu suka lanƙwashe. Lokacin zafi da damina hannun ya yi aiki. Da ɗari ya sake zagayowa, Surajo ya zo rumfar da tsinkakkiyar igiyar jarka, ya durƙusa.

"Baba Hamidu, ina kwana? An tashi lafiya? Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne. Ya mutanen ruga? Ya tsohuwa? Ya shanu?"

"Waɗanda suka rage suna gaishe ka. Baba, ɗinke mini igiyar ga, ita ce ta ƙarshe. Kasuwa mai zuwa zan sa babur ɗin hannun dillali."

"Ka sayar ka hau mi? Saniyar da babu?"

"Hannun ne, Baba. Da rana nawa ne, da safe sai ya zama na wani. Jiya saura kaɗan in afka cikin garken mutane. Ina kallon birki, yana kallona."

"Miƙo shi nan."

Hamidu ya riƙe hannun yana juya shi kamar yadda yake juya fatar da aka kawo masa daga majema. Ya danna tabon da babban yatsa, ya ja lanƙwasassun yatsun a hankali. Shi ba likita ba ne, bai kuma yi kamar shi ne ba. Abin da ya sani kawai ya faɗa.

"Wanga ai fata ce, fata kuwa na san halinta. In ta sha iska sai ta ƙeƙashe, in an rufe ta sai ta yi laushi. Ba ni kwana uku kafin ka ga dillali."

A lokacin bai da buzu a ajiye. Da ya koma gida sai ya ɗauko wanda yake salla a kai ya sa masa wuƙa. Matarsa Saude, wadda har yau take ba da labarin, ta ce tsaye ta yi da ludayi a hannu.

"Malam, buzun sallar taka ka yanka saboda babur?"

"Tabarma ma ana salla a kanta," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Ranar da Surajo ya shigo tasha da jakunkunan a hannun babur, Bashir, shugaban 'yan kabu-kabun tashar, sai da ya riƙe ciki don dariya. Jakunkunan sun tuna masa da zunguru, dogon ƙoƙon nan da mata ke zura hannu ciki in sun ƙunsa lalle.

"Jama'a, ku zo ku ga amarya! Surajo, wa ya sa maka lalle? Zunguru har biyu! Yaushe ne kamu?"

Surajo ya haɗiye ba'ar. Amma kwana biyu bayan haka abin da ya fi dariya ciwo ya same shi. A wata gangara ya ɗan ƙara wuta, iska ta danno buzun, buzun ya danne birkin gaba, taya ta kafe cikin yashi. Ya faɗi, jarka ɗaya ta fashe, madarar ruga guda ta bi ƙasa. Ya turo babur ɗin har rumfa, ya kwance jakunkunan ya ajiye gaban Hamidu. Bashir yana daga benci yana cewa, "Mun faɗa. Kakanninmu ba su san zunguru ba, kuma ba su mutu ba." Ba wanda ya tuna masa cewa kakannin nasa jaki suke hawa.

A nan ne aka ga halin mutumin da muke jinjina wa. Bai ce yashi ne ba, bai ce Surajo ya cika gudu ba. Gaban kowa ya ce, "Laifina ne, ba na hannunka ba. Na ɗinka wa hannu, na manta da iska." Ya roƙe shi ya mayar da jakunkunan ya zagaya filin makaranta sau uku, shi kuma ya tsuguna bakin fili yana kallon yadda fatar ke lotsawa. Sannan ya ce a ba shi fasasshiyar jarkar. Ya yanko kafaɗarta, inda robar ta lanƙwasa da kanta, ya cusa ta tsakanin buzu da tamfol ya ɗinke. Jaka ta samu ƙashi, ta tsaya da bakinta a buɗe, ba ta ƙara taɓa birki ba.

"In na sake faɗuwa fa, Baba? Matan can sun ce sau ɗaya ake yafe madara."

"In ka faɗi, ni zan je Tsaskiya da ƙafata in ba su haƙuri. Kai dai gwada mini gobe."

Washegari aka tashi da sanyin da ko kaji sun ƙi saukowa. Hamidu ya kasa zama, yana ta leƙen hanya. Can sai ga Surajo da jarkokinsa cif. Ya ja birki da hannun nan daidai gaban bencin, babur ya tsaya cak. Ya zaro hannun daga jaka, ya nufi Bashir, ya ɗora masa tafin a wuya.

"Shugaba, ji lallen amarya."

Hannun da ɗumi kamar an ciro shi daga ƙarƙashin bargo. Dillali kuma bai ga babur ɗin ba, ba a wannan kasuwa ba, ba a wata ba. Bayan mako guda, da azahar, lokacin da tasha ta yi shiru, sai ga Bashir ya raɓo rumfa yana waige-waige.

"Malam, irin abin nan nake so. Ba ni ba, ƙanena."

"To madalla. Ƙanen naka hannunsa ɗaya da naka? Miƙo in auna."

Malam Hamidu, kai ne ka ga abin da ɗaruruwan idanu suka saba gani har suka daina ganinsa. Kai ne ba ka taɓa ɗinka aljihu ba sai ka riƙe hannun mai shi ka auna, don ka ce hannun manomi da na malamin makaranta ba ɗaya ba ne. Da shekarun tsoron 'yan bindiga suka zo, masu tsaron hanya suka fara zargin duk hannun da ba su gani ba, ba ka yi gardama ba. Ka buɗa bakin jakar, ka kwantar da gashin ya kalli waje, yadda mutum zai zare hannu biyu ya ɗaga kafin a gama ce masa ya tsaya. Dukawan Safana sun zo kallon ɗinkin, ka warware guda a gabansu ka nuna musu inda ƙashin yake. Matar da ta yi shekaru tana wanke ciwo a asibitin garin nan ta ce da can ba ta buƙatar kalanda, tafukan 'yan babur ne ke gaya mata ɗari ya shigo. Yanzu sai ta gama wata uku ba ta ga ko ɗaya ba.

Bana Hamidu ya ajiye basilla. Yanar ido ta rufe masa gani, har ya kai yana laluben ramin da ya huda da yatsa. Da aka ji likitocin ido za su zo Safana, Surajo, wanda yanzu furfura ta fara masa, ya ce ba wanda zai kai shi sai shi. A nan wani abu ya fito da mutane da yawa ba su sani ba: mutumin da ya rufe hannun rabin masu baburan ƙasar nan bai taɓa hawa babur da sanyin safiya ba. Gidansa dab da rumfarsa yake, tafiyarsa ta ƙafa ce.

Suka fita bayan sallar asuba don su kama layi. Hamidu na baya, ya riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu. Ba su yi rabin hanya ba ya fara bugun kafaɗar Surajo da gwiwar hannu.

"Tsaya, tsaya, don Allah! Ashe haka kuke ji? Yatsuna sun bar jikina."

Surajo ya tsaya. Tsohon ya sauko yana rawar ɗari, ya ji ɗumi na tasowa daga gefen babur, ya sunkuya ya miƙa tafukansa biyu wajen salansa. Saura ƙiris, Surajo ya cafke masa wuyan hannu. Da hannun dama ya cafke shi, mai tabon, kuma riƙon ya yi ƙarfin da Hamidu ya kasa motsi.

"Haba Baba! Har da kai?"

Hamidu ya fashe da dariya har hawaye. Surajo ya jawo shi gaban babur, ya zura masa hannuwan cikin aljihun da ɗumin nasa hannun bai gama fita ba. Suka tsaya nan gefen hanya, tsohon na motsa yatsu a cikin gashin rago. Can ya ce, "Ashe abin yana aiki." Surajo ya ce, "Shekara goma sha takwas muna gaya maka."

An yi aikin ido ɗaya, ɗayan sai an sake zagayowa. Ya ce ko ya warke ba zai koma ɗinki ba, ya bar wa masu ido, amma yana nan a rumfarsa kowace safiya, duk wanda ya kawo ɗinkinsa zai shafa ya gaya masa inda iska za ta shiga.

Mun gode, Malam Hamidu, baduku mai auna hannu kafin ya yanka fata. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da alheri gwargwadon hannuwan da ka rufe. Ku kuma masu sana'a, in an ce muku haka aka saba, ku tambaya ko wa abin yake ƙonawa, ku riƙe hannunsa ku duba. Masu babur, in kun biyo ta tashar Batsari ku tsaya ku zare hannu daga aljihu ku ba tsohon nan. Ba ya ganin fuska sosai yanzu, amma in ya ji tafin da ɗumi ya san ɗinkin waye.