Goɗiyar Da Na Rufe Da Gyale

Shekarun baya da nisa, lokacin da kuɗin mai suka fara kwarara a ƙasarmu, gwamnati ta tura maigidana London ƙaro ilimi, ya tafi da ni ina amarya. Matan sauran ɗalibai kullum suna kasuwa suna cika akwatuna da leshi da takalma. Ni kuwa Turancina bai wuce gaisuwa ba, ga tsoron shiga bas, don haka duniyata ta tsaya a ɗakin da muke haya a saman wani gida a unguwar Catford.

Mai gidan wata tsohuwar Baturiya ce da ke zaune ita kaɗai a ƙasa. Mama nake ce mata, ita ma ta karɓi sunan hannu bibbiyu. Sana'arta zane. Tun tana budurwa take zana bangon littattafan kaboyi: dawakai, duwatsu, maza masu manyan malafu. Abin mamaki, ba ta taɓa taka Amurka ba. Bas take shiga zuwa bayan gari inda ake kiwon dawakai, ta wuni cikin sanyi tana kallon yadda doki ke ɗaga ƙafa da yadda yake karkaɗa kunne, ta dawo yatsunta sun ƙandare, ta sha shayi ta kama aiki. Duk da wannan wahala, kamfanin bai taɓa barin ta sa cikakken sunanta ba, sai haruffan farko. Wai maza ba za su sayi littafin ba in suka gane mace ce ta zana dokin.

Na fi son wuni a wajenta fiye da ko'ina. Tana zane tana koya mini Turanci, ni kuma ina ba ta labarin garinmu da kogin da dabbobi ke sauka sha. Har na cika mata baki cewa babana yana da goɗiya, na san doki kamar yunwar cikina. Gaskiyar magana, iyakata in kai mata dusa in ja da baya da sauri.

Wata rana ta ce mini za a yi baje kolin zanen mata a wani ɗan zaure, tana so ta kai nata. "Wannan karon da sunana zan sa hannu, duk tsawonsa," in ji ta. Wanda za ta kai kuwa shi ne wanda ta fi ji da shi, hoton wata goɗiya da ɗanta tsaye cikin rafi. Ba don kamfani ta zana shi ba, don kanta ta yi. Tun ranar da muka tare ta rataya mana shi a ɗaki don ta girmama mu.

To, nan gizo ke saƙar. Bangon da ta rataya shi daidai yake da alƙibla, mu kuwa mun taso an koya mana ba a sallah ana fuskantar hoton abu mai rai. In ce wa sa'ar mahaifiyata ta cire abin da ta karrama mu da shi, bakina ba zai iya ba. Sai na sami dabara: in zan yi sallah in lulluɓe shi da baƙin gyalena, in na idar in cire. Da na gaji da hawa kujera ina sauka, na bar gyalen a kai gaba ɗaya.

Ranar da ta hau ɗauko hoton na fita sayen madara. Da na dawo na same ta tana saukowa hannu wofi. Ta yi mini murmushi irin nasu na Turawa, wanda bai wuce leɓe ba, ta shige ta rufe ƙofa. Daga ranar gidan ya yi tsit. Babu warin fenti, babu rediyo, babu kiran shan shayi. Na zaci ciwon ƙafarta ne ya tashi.

Maigidana ne ya zo mini da labarin. "Ke, me kika yi wa Mama? Ta ce ta yi cancel, ba za ta kai zanen ba."

"Ni? Wallahi ban yi mata komai ba."

"Ta ce ta ga kin rufe shi da baƙin ƙyalle kamar an yi mutuwa. Wai in ke da kika tashi cikin dawakai ba kya iya kallonsa, to mutanen kamfani sun yi gaskiya."

Nan na gane. Cika bakina da gyalena sun haɗu za su hana baiwar Allah abin da ta jira tsawon rayuwarta, ga ranar rufe karɓar zane ta matso. Maigidana ya ce bari ya je ya yi mata explaining. Na ce a'a, ni na ɗaura, ni zan kwance.

Da la'asar na sauka na ƙwanƙwasa, na kama hannunta na jawo ta sama. Na shimfiɗa darduma, na yaye gyalen, na tsaya inda nake tsayuwa. Da guntun Turancina da nuni na ce, "Mama, nan nake sallah. In na tsaya, goɗiyar nan kallona take yi, ni ma sai in kalle ta. Na sha mance raka'ar da nake. Har ji nake kamar za ta yi haniniya. Mu abu mai rai muke rufewa, da ba ta da rai da ban wahalar da kaina ba."

Ta dube ni, ta dubi goɗiyar, sai ta zauna a bakin gado ta fashe da dariya. Dariyar ba ta ƙare ba ta koma kuka. Ta ce, "'Yata, na tsufa ina zana dawakai, ba wanda ya taɓa gaya mini suna da rai sai ke." A nan ɗakin ta ɗauko burushi ta sa sunanta a ƙasan hoton, harafi bayan harafi, hannunta ko gezau.

Ranar buɗewa na ci atamfata na ɗora kwat a kai, na shiga bas ba tsoro don ina riƙe da hannunta. A lungu aka rataya goɗiyar, kuma ba a saye ta ba. Amma na ga mutane suna sunkuyawa suna karanta sunan, ita kuwa tana tsaye a gefe kamar uwar amarya. Daga lokacin ba ta sake yarda an gutsure mata suna ba, ko da kamfanin ya rage ba ta aiki.

Na zauna da mata masu ƙwazo da yawa a rayuwata, amma har yau in aka yi zancen mace mai riƙe sana'arta da gaske, Mama nake tunawa. Ina sonta, kuma ina kewarta.

Da za mu dawo gida ta ba ni wani zane a naɗe, ta ce kada in buɗe sai na isa. Mashayar garinmu ce, yadda na riƙa ba ta labari: ruwan damina, ciyawa kore shar, inuwar ɗorawa. Babu dabba ko ɗaya a ciki, sai sawun kofato a taɓo, manya da ƙanana, na goɗiya da ɗanta da suka sha ruwa suka wuce. Yana nan a ɗakina, a bangon alƙibla, da sunanta duk tsawonsa. Ban taɓa rufe shi ba.