Taraktar Badaguishiri da Injin da Ba Nata Ba

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni Badaguishiri gyaran wata tsohuwar tarakta ba. A lokacin ni ne makanike na biyu a garajin ƙungiyar manoma da ke Ƙonni. Shef Amadu ne babban garaji, ni ke bi masa, sannan direbobi. Shekarata shida ina aikin, kuma ina ganin babu injin da zai ba ni kunya.

Farkon damina ne, ruwan shuka ya sauka sau biyu. Taraktar ta wata ƙungiyar mata ce masu noma a kwari. Ƙasarsu laka ce mai nauyi. In ba a kafce ta cikin ƴan kwanakin da take da laushi ba, ruwa zai kwanta, garma ba ta ƙara shiga sai baɗi. Shugabar matan, Hajiya Zinatu, ita ta tarbe ni ta kai ni gindin gawon da taraktar ta mutu.

Na zaro sandar gwajin mai, na ga man ya yi fari kamar an zuba masa madara. Kowane makanike ya san ma'anar haka: ruwa ya shiga mai. Tsakanin kan injin da gangar jikinsa akwai wani faifai mai huda-huda da muke kira juwan kulas, shi ke raba ruwa da mai da wuta. Shi ne ya ƙone.

Ƙa'idar aikinmu ita ce, kafin a sayo kowane kaya, makanike ya rubuta irin injin da lambarsa a takarda, shef ya sa hannu. Lambar takan kasance a wani ɗan allon ƙarfe kusa da sitiyari. Na duba, babu allon, sai ramukan ƙusa huɗu. Fenti kuwa an shafa mata kala uku, wani kan wani. Sai na ja baya na dubi hancinta da fitilunta, na ce a raina ai na san irinta, mun taɓa gyara biyu a Tsarnawa. Ban ma kwance kan injin ba, don ban so in bar shi buɗe cikin damina.

Ina cikin rubutu, wani tsoho da ke zaune kan tabarma can gefe ya ce, "Ɗana, wagga tarakta ba da injinta take tafiya ba."

Na ce, "To, Baba," na ci gaba da rubutuna. Direban taraktar ya gaya mini Baba Sanda ne, shi ya fara tuƙa ta tun tana sabuwa, amma yanzu ganinsa ya yi rauni. Na ɗauka maganar tsufa ce kawai.

Shef ya sa hannu, aka aika Sakkwato. Kwana huɗu kafin kayan ya iso. Na koma Badaguishiri da safe, na kwance kan injin, tsohon juwan ya fito gutsi-gutsi. Na ɗora sabon, sai ramukansa suka ƙi haɗuwa da na injin. Na juya shi, na sake juyawa. Ba nasa ba ne.

Matan suna tsaye da iri a ƙwarya. Hajiya Zinatu ba ta yi faɗa ba. Ta dubi gabas inda hadari ke haɗuwa, ta ce, "Malam Isuhu, gonar ga ita muka ci shekara. Gaya muna gaskiya, mu jira ko mu ɗauki kwasa mu yi abin da ya samu da hannu?"

Na koma gefe na kira Shef Amadu a waya, na faɗa masa komai.

Ya ce, "Lambar da ka rubuta, da idonka ka karanta ta?"

Na ce, "Zato na yi, Shef."

Ya ce, "To, kuskuren namu ne mu biyu, ni ma na sa hannu ban tambaye ka ba. Bar wannan tukuna. Nemi wanda ya san ta."

Bayan azahar na je gidan Baba Sanda, na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo neman gafara da taimako. Bai tuna mini da komai ba. Sandarsa kawai ya laluba, ya ce in kama hannunsa.

Da muka isa, ya riƙa shafa gangar injin da tafin hannu har ya kai wani wuri ƙarƙashin sitata, inda baƙin mai ya daskare da ƙasa. Ya ce, "Kankare nan." Na kankare, na goge da gazuwal, wato man dizal. Lambobi suka fito, an buga su a jikin ƙarfen kansa.

Ya ce, "Nata na asali ya tsage tun ɗiyana na ƙanana. Munka ciro wanga daga wani babban famfon ban-ruwa, munka ɗora mata. Kada ka sake zuwa wurin masu kayan tarakta. Masu kayan famfo za ka nema."

Na hau babur na koma Ƙonni. Kafin magariba na samu juwan, a wani shago da ke layi ɗaya da garajinmu, wanda nake wucewa ta gabansa kullum.

Washegari na ɗaura shi, Baba Sanda yana zaune kusa da ni. Shi ya gaya mini dalilin ƙonewar tun farko: tukunyar ruwan da ke sanyaya inji ta injin asali ce, ta yi wa wannan kaɗan, dole a tsaya da rana tsaka a bar ta ta huce a ƙara ruwa. Babu wanda ya taɓa faɗa wa sabon direba haka. Da muka tayar da ita, ya karkata kunne ya ce akwai iska cikin gazuwal. Na sassauta ƙusa na fitar da iskar, ƙarar ta daidaita. Ya ɗora hannu kan murfin taya, ya daɗe bai ɗauke ba.

Kwana uku aka yi ana kafta. Matan sun gama shuka kafin babban ruwan ya zo. Hajiya Zinatu ta yi mini addu'ar da na ji kunyar karɓa, na ce a kai wa mai ita, Baba Sanda.

Da na koma garaji, Shef bai tayar da maganar gaban kowa ba. Kundi ya miƙo mini, ya ce in zagaya Dogarawa da Tsarnawa da sauran wuraren da muke da tsofaffin injuna, in zauna da waɗanda suka tuƙa su, in rubuta abin da aka taɓa canza wa kowace.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ku sani tsohuwar tarakta ta bi hannaye da yawa, kowa ya yi mata dabarar da ta samu a shekararsa, kuma babu takardar da ta rubuta hakan. Ilimin yana wurin mutane, wasunsu kan tabarma suke zaune, ba a tambayarsu. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da shugaban da ya raba laifi da ni, da tsohon da ya ba ni hannunsa bayan na raina maganarsa. Tun daga lokacin, in na isa gona, akwatin kayan aikina yana rufe har sai na tambaya wa ya fi kowa daɗewa da ita.