Abin da Nakato Take So

Nakato ba ta iya cewa tana son abu ba. Benci ɗaya muka zauna da ita tun ajin farko na sakandare a Masaka, kuma wannan halin nata ya sha ƙona mini rai.

Tagwaye ne, ita da Babirye. A wajenmu kuwa ba a bambanta tagwaye. In an saya wa ɗaya takalmi sai a saya wa ɗayar, ko faɗa za a yi wa ɗaya sai a haɗa da 'yar'uwarta, don kada su yi fushi su jawo wa gida tsiya. Mahaifiyarsu, da muke kira Nalongo kamar kowace uwar tagwaye, ba ta wasa da wannan ko kaɗan.

Da za mu shiga aji uku aka raba mana takardar zaɓen darussa. Akwai Kasuwanci, inda ake karanta yadda banki da inshora da fataucin ƙasashe suke tafiya. Akwai kuma sabon darasi na Kafa Sana'a, wanda Malam Lubega yake koyarwa a wani tsohon ɗakin ajiya. Can ake haɗa sabulun ruwa da kyandir, a sa musu suna, a fita da su bakin ƙofar makaranta ranar ziyarar iyaye. Lokaci ɗaya ake yin darussan, dole mutum ya ɗauki guda.

Shekara guda Nakato ta yi tana leƙen tagar ɗakin nan. Har sunan sabulunta ta zaɓa, ta rubuta a bayan littafinta. Babirye kuwa tun tana ƙarama take cewa ita sai ofis mai kujerar juyawa.

Ina gidansu ranar da suka kai takardun. Nalongo tana fere ayabar matoke, ta ce, "Aji biyu? A kan tagwayena? Ba a gidan nan ba! Ciki ɗaya kuka kwanta, aji ɗaya za ku zauna. Ku faɗa mini wanne."

Babirye ta yi caraf ta ce, "Kasuwanci, Mama. Wa zai biya kuɗin makaranta don a koya masa dama kumfa?"

Nalongo ta juya. "Ke fa, Nakato?"

Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin benci har sau biyu. Baiwar Allah ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk ɗaya ne, Mama."

A hanya na ce, "Ke dai an yi sakarya! Bakin naki na cin matoke ne kawai?" Murmushi ta yi ta ce, "Namuddu, ke ba ki da abokin haihuwa, ba za ki gane ba." Ni na shiga ajin Malam Lubega, ni da ko ruwan zafi ban iya dafawa ba. Kullum aka tashi sai ta kama hannuna ta shinshina, ta ce, "Yau lemun tsami kuka sa. Me aka fara zubawa?" In faɗa mata abin da na tuna, ta gyara mini inda na yi kuskure.

Babirye ta ci jarrabawa da kyau, ta wuce jami'a a Kampala, daga nan wani kamfani ya ɗauke ta zuwa Dubai. Nakato da ƙyar ta haye. Ta dawo rumfar Nalongo a kasuwar Nyendo, ta yi aure, ta haifi uku. Rabuwar da aka guje wa a aji sai ga ta da jirgin sama. Shekara goma sha ɗaya ke nan, sau biyu Babirye ta zo gida.

Duk Asabar Nakato tana dama sabulu a bayan ɗakinta, da abin da ta tsinta a bakina. Ba ta sa masa suna ba, maƙwabta kawai take ba. Amma kullum kwalba biyu take fara cikawa, ɗaya tata, ɗaya ta Babirye, ta ajiye a kan kabad. Kwalaben sun yi layi har sun fara dusashewa.

Watan jiya na je na same ta hannu duk kumfa. Na ce, "Kin ji an haɗe darussan nan biyu? 'Yarki ba za ta yi zaɓe ba." Ta daɗe tana juya muciya kafin ta ce, "Sun makara."

Sai wayarta ta yi ƙara, Babirye ce. Nakato ta buɗe muryar wayar don in ji. Bayan gaisuwa da tsokana Babirye ta ce, "Bana ma ba zan samu zuwa Kirsimeti ba, aiki ya yi yawa. Amma akwai mai tahowa. Faɗa mini, me kike so in aiko miki?"

Wallahi ƙafata har ta motsa za ta taka tata, kamar muna 'yan shekara goma sha biyar.

Nakato ta ce, "Ba komai, 'yar'uwa. Duk ɗaya ne."

Da ta ajiye wayar ta goge hannunta a zani, ta dubi kabad ɗin. A shekara ashirin da sanin da na yi mata, ranar na fara jin kalmar so a bakinta, kuma ba wanda ya ji sai ni.

Ta ce, "Ita nake so, Namuddu. Ta dawo gida."