Ranar da Dodo Ya Yi Magana a Aji Uku

Watana biyu ke nan da fara koyarwa a wata firamare da ke kan hanyar Nok, a shekarun da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta. Malamai sun yi kaɗan, shi ya sa aka kwaso irinmu da muka gama sakandare a Kafanchan, ko horon koyarwa ba mu da shi. Aka miƙa mini alli da aji uku, aka ce har tarihi ni zan koya musu.

Littafin yana maganar kawunan yumɓu da aka tono a ƙasar Nok. Yaran ko a jikinsu, don iyayen wasunsu sun sha cin karo da irinsu a gona. Sai dabara ta faɗo mini. Na ce gobe kowa ya kawo abin da ya fi tsufa a gidansu, mu yi tarihinmu da kanmu.

Washegari ajin ya koma kasuwa. Wata ta zo da fartanyar da ta cinye har wuya, wani ya rungumo ɗan dutsen niƙa yana nishi. Wata kuwa kakarta ta jawo da hannu, ta zaunar da ita a bencin gaba, ta ce a gidansu babu abin da ya kai ta tsufa. Tsohuwar ta gyara zama tana jiran a fara. Na yi dariya har da hawaye, ina ji a raina babu malamar da ta kai ni.

Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu.

"Malama, nawa yana magana."

"To, ya yi mu ji," na ce, na juya ina rubutu a allo.

Sai wata murya ta tashi, mai kauri, tana rawa kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Duk macen da ta girma a ƙasarmu ta san ta. Muryar dodo ce, wanda in ya fito mata ke shigewa ɗaki su ja ƙofa, domin wadda ta ga abin da ke ba shi murya ba ta ƙara zama a garin. Ni da ubana yake mai bishara, ni da aka yi wa baftisma, ban san lokacin da na shige ƙarƙashin tebur ba, fuskata cikin zane. 'Yan mata suna ihu, maza suna dirowa ta taga. Tsohuwar ma ta riga kowa kwanciya a ƙasa.

Hedimasta ne ya shigo a guje, ya ƙwace abin ya naɗe a rigarsa. Ashe abin da ke ba dodo murya ne, yaron daga jinkar ɗakin kakansa ya zaro shi.

Kafin a tashi daga makaranta, dattawan gari sun hallara a gindin mangwaro. Hedimasta ya ja ni gefe.

"Malama, in suka ce kin gani, ba ni da ikon riƙe ki a nan."

Na tuna ƙannena biyu da na ɗauke wa babanmu nauyin karatunsu. Na durƙusa gaban dattawan.

Kakan yaron, wanda ke cikinsu, ya dube ni.

"Yarinya, me kika gani?"

"Baba, ƙafar tebur."

"Ƙafar tebur?"

"Ita kaɗai, Baba. Akwai gara a jikinta."

Wani dattijo ya yi tari don ya danne dariya, bai iya ba. Kakan ya juya wajen sauran.

"Kun ji? 'Yar mai bishara, da bokonta da takalminta, ƙarƙashin tebur." Daɗi ya cika masa fuska, kamar an yi masa kyauta. "Tashi, ɗiyata, koma ajinki. In kina neman tsohon abu, ki aiko a tambaye ni, kada ki aiko ɓarayi."

Na koma aji, na ɗauki alli, ya karye. Na ɗauki wani, shi ma ya karye. Sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta tsayawa, na zauna daɓas a ƙasa. Yaran suka kewaye ni suna taya ni, wata tana yi mini fifita da littafin tarihin, har hedimasta ya leƙo ya ce a kawo wa Malama ruwa.