Kyanwa Mai Jar Laima

Babanmu mahauci ne a babbar kasuwar Garwa. Cikin masu sayen namansa akwai wata Baturiya, matar likita, wadda ba ta yarda kowa ya yanka mata nama sai shi. Da za su koma ƙasarsu, zamanin shugabanmu na farko, ta kawo masa littafin yara mai hotuna ta ce ya kai gida.

Ni ce babba, ina aji uku a lakwal, wato makarantar boko, ni kaɗai ke karanta Faransanci a gidan. Da na ga littafin a hannun Baba har na miƙa hannu. Sai ya wuce ni, ya ɗora shi a cinyar ƙanwata, wadda ƙyanda ta kwantar kwana goma.

"Baba, ai ba ta iya karatu ba," na ce.

"Ta iya kallo," in ji shi.

A bangon littafin wata baƙar kyanwa ce tsaye da ƙafa biyu, ta riƙe jar laima. Takardarsa sumul, tana wani ƙamshi da ban taɓa ji ba. Ƙanwata ta hana ni taɓawa. Da shi take cin abinci, da shi take zama a inuwar mangwaro.

Da ta warke, sai ta fara ba da labarin da ka. Wai kyanwar ta saci kilishi a rumfar Baba, ta tsallake kogin Binuwai a kwalekwale, ta gudu garin Ngong ta ɓad da kama tana tallar nono, laimar kuwa don kada mahauta su gane fuskarta. Har Fulatanci take sa wa kyanwar a baki. Kullum bayan la'asar yaran maƙwabta su cika mana tsakar gida, kakarmu ta bar kaɗin audugarta tana dariya har da hawaye. Ni kuwa ina gefe ina wanke-wanke, ina buga kwanuka da gangan.

Wata rana na kasa jurewa. "Ƙarya take yi! Ba haka aka rubuta ba."

Kaka ta ce, "To malama, zo ki karanta mana."

Na karɓa ina ƙafafa, na karanta layi-layi ina mayarwa Hausa. Kyanwa ta tafi gaishe da gwaggonta. Ruwa ya sauko, ta buɗe laima. Ta sha miya, ta yi godiya, ta koma gida.



"Shi ke nan?" in ji Kaka. "Ba ta saci komai ba? Wannan ba kyanwa ba ce. Mayar wa ƙanwarki, nata ya fi daɗi."

Washegari na saka littafin a jakata ba da sanin kowa ba. Lokacin hutun tara na fito da shi na ce nawa ne, daga Faransa aka aiko mini. 'Yan ajinmu suka kewaye ni, wata ta ce in ba su labarin. Na dubi rubutun, na dubi fuskokinsu. Sai na ji bakina yana cewa kyanwar ta saci kilishi. Suka yi ta dariya, har wata ta riƙe ciki. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, don na san ba ni suke yi wa dariyar ba.

Da na dawo, na tarar da ƙanwata idanu sun kumbura, an birkice ɗaki ana nema. Mama ta ja mini kunne sosai. Na miƙa wa ƙanwata littafin ina jiran ta kai ƙarata wurin Baba.

Ta duba shi shafi-shafi, ta ga bai yage ba. Sannan ta ɗago kai.

"Yaya, wane labarin kika faɗa musu a makaranta, naki ko nawa?"

Na ce nawa. Ta daɗe tana kallona. Ba ta kai ƙarata ba, amma daga ranar a cikin akwatin Kaka take ajiye shi.