Bencin Masu Gadin Jaka

Duk wanda ya saba zuwa Mas ɗin safe a cocin nan ya san benci na biyun ƙarshe, wanda ke gindin taga mai tsagaggen gilashi. Nan Mama Tela take zama da mijinta Baba Kafinta, shi a bakin hanya saboda dogayen ƙafafunsa, ita a ciki, kafaɗarta na gogar tasa. Bencin ma shi ya ƙera, tare da sauran, tun zamanin da rufin cocin ke yoyo. Yakan ce ya san kowace ƙusa da ke jikinsa, shi ya sa in wa'azi ya yi tsawo yake gyangyaɗi a kai hankali kwance.

Idan lokacin karɓar Jikin Kristi ya yi, wato tsarkakakkiyar gurasar da Fada ke bayarwa, mawaƙa suka sassauta murya, mutane suka fara miƙewa layi-layi, su biyun ba sa tashi. Baba Kafinta zai karkatar da gwiwoyinsa gefe, Mama Tela ta tattare nata, 'yan bencin su ratsa ta gabansu su wuce. Da yake kowa ya san ba inda za su, sai mata suka mai da su ma'aji. Wannan ta ajiye jaka, waccan lema, wata ta dangwara wa Mama Tela jariri a cinya ko sannu babu. Kafin ka ce kwabo bencin ya koma rumfar 'yan gwanjo.

"To, Tela," yakan raɗa mata, "kasuwa ta buɗe. Ki kula da jajayen, ni zan tsare baƙaƙen."

"Rufa mana baki, a gaban Allah kake."

"Ai shi ya ba mu aikin."

Takan harare shi, ta danne dariya, sannan ta sunkuyar da kai. Abin da ke zuciyarta a wannan lokacin ba na dariya ba ne, kuma shi ma ya sani.

Ga yadda abin yake. Tun yana saurayi, kafin ya san ta, an taɓa ɗaura masa aure a coci, a gaban bagade. Matar ba ta daɗe ba ta tattara nata ya nata, ta tafi wani gari mai nisa, ta yi wani auren. Amma a wurin Ikilisiya auren fari yana nan daram muddin su biyun suna numfashi. Saboda haka da ya nemi Tela, iyaye suka yarda, dangi suka shaida, sai dai babu Fadan da zai sa wa auren albarka. Mai irin wannan zama kuwa yana iya zuwa coci, ya yi waƙa, ya ba da baiko, a yi wa 'ya'yansa baftisma, amma ba zai karɓi Jikin Kristi ba. Sun nemi a sake duba auren farkon. Shaidu wasu sun mutu, wasu ba a san inda suka nufa ba, magana ta shiririce.

Kada wani ya ce an yaudare ta. Ta shiga da idonta biyu. Uwarta ta zaunar da ita ta gaya mata, ita kuwa lokacin yarinya ce da ba ta fashin Mas ko ana ruwan sama, ta ce ai kafin shekara ta zagayo za a gyara. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, har furfura ta cika mata kai.

Ɗinki ne sana'arta. Kekenta yana ɗakin gaba, kusa da ƙofa saboda haske, ƙyallaye sun cika kwali a ƙarƙashinsa, allurai a soke a jikin labule inda hannun yara ba ya kaiwa. Kuma abin da zai ba ka haushi, babu wanda ya kai ta iya ɗinka fararen rigunan yara masu karɓar Jikin Kristi karo na farko. Duk shekara iyaye sukan yi mata layi. Takan durƙusa ta gwada tsawon riga, fil a baki, tana koya wa yarinya yadda za ta ɗora hannun hagu bisa na dama, yadda za ta ce Amin a ji. Ranar Lahadi ta zauna a bencinta tana kallon aikin hannunta yana wucewa zuwa inda ita ba ta zuwa.

Mutanen coci ba mugaye ba ne, amma akwai masu baki kamar reza, suna yanka suna murmushi. Wata rana bayan taron mata, wata ta ja ta gefe ta ce, "Mama, ki dage da addu'a fa. An ce waccan matar tasa ta fari tana kwance ba lafiya."

Mama Tela ta dube ta sama da ƙasa. "Addu'ar me? In roƙi Allah ya ɗauke 'yar mutane don in samu wuri a layi?"

Daga ranar ta sa matar cikin addu'arta, tana roƙa mata lafiya da nisan kwana. Ba kullum zuciyar ke bin bakin ba, gaskiya ɗaya ce, amma ba ta taɓa tsallakewa ba. Matar kuwa ta warke sarai.

Sau ɗaya tak ta kusa karaya. Shekarar da Auta, ƙaramar 'yarta, za ta karɓa na farko, tana daidaita mata wuyan riga sai yarinyar ta ce, "Mama, ke me ya sa ba kya zuwa? Wani laifi kika yi?"

Ta ci gaba da daidaita wuyan rigar. Bayan bikin ta ɗaure kayanta ta koma gidan yayanta. Baba Kafinta bai hana ta ba, shi ma ya ɗauko mata kan keken har bakin titi. Fadan wancan lokacin ya ce in rabuwar ta gaske ce, ta zo ta furta zunubanta, ƙofa a buɗe take. Ranar Asabar da yamma ta je ta bi layi. Tana zaune tana jiran a zo kanta, sai ta hango shi ta taga a farfajiya yana gyaran ƙyauren ajin yara. Ya rame. Ya ɓalla maɓallin rigarsa a karkace, aljihun ya yage yana reto. Ta san abin da za a tambaye ta a ciki, ko ta yi niyyar ba za ta koma ba. Ta kuma san amsar. Ba ta iya yi wa Allah ƙarya a ɗakinsa ba. Ta tashi ta bar layin, ta fita ta tsaya a kansa.

"Cire rigar nan, kana ba ni kunya."

Ya ɗago ya dube ta, ƙusa a baki. "A nan, gaban mutane?"

"Mu je gida."

Washegari suna benci na biyun ƙarshe, jakunkuna a gabansu. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, shi ma bai ƙara ba. Sai dai tun daga ranar, in mutane suka tashi, yakan ɗora hannunsa mai kaushi bisa nata, a ƙarƙashin tulin kayan mutane inda ba mai gani.

Tari ne ya fara kama shi. Ya ce ƙurar katako ce, ta saba da shi ya saba da ita. Daga baya ƙafafu suka kumbura, hawa matakalar coci ya gagara, asibiti suka ba da magani suka ce a koma gida a kula da shi. Kowa ya gane abin da ake nufi.

Wata safiya sabon Fada, matashi mai sanyin murya, ya zo da ɗan ƙaramin gwangwani rataye a ƙirjinsa. Wanda ke bakin mutuwa ba a hana shi guzuri. Mama Tela ta jawo kujerar tsuguno, ta shimfiɗa ragowar farin yadi na rigunan yara, ta kunna kyandir. Aka fitar da kowa, Fada ya saurari Baba Kafinta, sannan aka kira su. Ya shafa masa mai a goshi da tafin hannu. Ya zaro ɗan farin abin nan daga gwangwanin, ya ɗaga ya ce, "Jikin Kristi." Baba Kafinta ya ce Amin da ƙarfin da ba a san yana da shi ba. Tana durƙushe a gefen gado, tazarar hannu ɗaya tsakaninta da abin da ta yi shekaru tana kallo daga bayan coci.

Da Fada ya tafi, ya yafito ta da yatsa.

"Tela, na riga ki."

"Ka riga ni, Baban yara."

"Ashe har yanzu mannewa yake a ganɗa. Na manta." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, ta tallafe shi har ya lafa. Sannan ya ce a hankali, "Kin daɗe kina gadi saboda ni. Ga shi zan kau da gwiwa ki wuce."

Ranta ya ɓaci, irin ɓacin da bai taɓa gani ba. "Wa ya aike ka? Na ce maka na gaji ne? Na taɓa kawo maka ƙara?"

Ta fita fuu ta zauna a kan keke, ta hau taka shi da ƙarfi, ba yadi ba zare, don kada ya ji kukanta. Ya ji. Bai ƙara mako ba.

Bayan an binne shi, masu gaisuwa suka cika gida. Katekis, mai koyar da addini a cocin, mutumin kirki amma wanda bai san lokacin magana ba, ya tsuguna ya ce, "Mama, sai haƙuri. Amma ko ba komai, yanzu hanya ta buɗe miki." Da ba don idon mutane ba, da ta jefe shi da almakashi. Wasu matan ma haka suka riƙa faɗa, da kyakkyawar niyya, kowace kalma tana sukarta kamar allura.

Ta koma coci, ta zauna a wurinta, ta bar nasa wurin a bakin hanya. Lokacin karɓa ya yi, ba ta tashi ba. Mata suka yi jim, suka dubi juna, sannan suka ajiye jakunkunansu kamar kullum. Lahadi ta bi Lahadi a haka. Auta ta yi magana, ta yi magiya, har ta gaji.

Rannan Fada ya kawo doguwar rigarsa a rage mata tsawo. Yana tsaye tana durƙushe tana soka fil, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Fada, na san abin da ya kawo ka, ba riga ba ce."

"Rigar ma tana ja mini ƙasa, Mama."

"Na roƙi abin nan shekara da shekaru. Ban taɓa cewa a ba ni shi a ɗauki mijina ba. In na tashi na je, kamar na ce na gode da musayar ke nan. Ni ban yarda ba. A dawo mini da shi, in ci gaba da gadin jakata."

Fada bai yi mata wa'azi ba, wannan kam ya kyauta. Ya bari ta gama share hanci da bakin zane, sannan ya ce, "Ba wanda ya yi musaya da ke, Mama. Teburin ɗaya ne. Baba ya riga ki zama, shi ke nan."

Ta ja bakin rigar ta daidaita. "Haka ya ce. Wai ya riga ni." Ta soka fil na ƙarshe. "Kullum sai ya nuna shi ne gaba."

Ranar Asabar ta je ta bi layin da ta taɓa bari, ta kuma kai ƙarshensa.

Lahadi da safe mawaƙa suka sassauta murya, mutane suka fara miƙewa. Wata mai goyo ta nufo ta da jaka a hannu, sai ta ga Mama Tela a tsaye. Ta ja da baya, ta rataya jakarta a kafaɗa, ta ba ta hanya. Sauran ma suka riƙe nasu. Mama Tela ta dubi tata jakar, tsohuwa mai ɗinkakken hannu, ta rasa yadda ake yi da ita. Ba ta taɓa barin kaya ba, ita ake bar wa. Ta ajiye ta a bakin benci, a wurinsa.

Da ta zo fita, sai ta juya gefe, ta matse cikinta, ta tattare zaninta, ta raɓa a hankali don kada ta buge masa gwiwa. Sai da ta tsaya a kan hanya ta ga babu abin da ta raɓa.

Layin ya ja ta gaba. Ba ta san cocin yana da tsawo haka ba. Yaran da ta ɗinka wa riguna, yanzu iyaye, suna gabanta suna bayanta. Ta ɗora hannun hagu bisa na dama kamar yadda ta koya musu.

"Jikin Kristi."

Amin ɗinta bai fito ba, sai leɓe da ya motsa. Fada ya ji.

Ta dawo ta durƙusa. Bencin wayam, 'yan layinsu ba su iso ba tukuna, ba lema, ba jariri, ba kowa, sai jakarta ita kaɗai. Abin ya manne mata a ganɗa, daidai yadda ya faɗa. Ta juya gefensa don ta gaya masa.