Rigar Rauta

Shekarar da ƙafafun Mama suka fara gazawa, na ɗauko ta daga ƙauyenmu na kawo ta gidana a unguwar Romi, Kaduna. Mun ba ta ɗakin baya, mai tabarma da sabon gado, amma ko sati biyu ba ta yi ba ta fara zancen komawa. Ba abinci ba ne matsalar. Matan zumuntar coci take kewa, waɗanda suka shekara talatin suna waƙa tare duk ranar Alhamis. Ni kuwa na san idan ta koma, babu mai ɗaga ta in ta faɗi. Tsoro nake ji sosai, sai dai ban gaya mata ba.

Ƙanwata da ke ƙauye ta ce za ta riƙa riƙe wayarta a wurin taron, Mama ta gan su ta bidiyo. Dabara ce mai kyau, amma sabis ba ya kaiwa ɗakin baya. Rautar gidanmu, ɗan akwatin da ke raba intanet, tana falo jikin taga, can ne kaɗai take kama sabis.

Ni malamin lissafi ne, kuma ina da taurin kai. Na rantse ba zan kira kowa ba. Na sayo doguwar wayar intanet, da suwic mai baki biyar, wato abin da ke raba waya ɗaya zuwa ɗakuna, da wata ƙaramar rauta ta hannu. Ranar Asabar na hau tsani na bi silin da waya, na fito kamar wanda ya kwana a rumbu. Na kafa suwic a baranda, na ja waya ɗaya zuwa kwamfutata, ɗaya zuwa ɗakin Mama, inda na ajiye ƙaramar rautar. Da fitilu suka yi kore, matata ta laƙaba mini Injiniya, har yau sunan bai sake ni ba.

Alhamis ta farko na dawo daga makaranta ina jiran yabo, sai na tarar da Mama ta juya wa ƙofa baya. An fara waƙa, hoton ya tsaya, shi ke nan. Na ce zan zo in duba bayan na ci abinci. Na je na ga rautar tana aiki ƙalau. Sati na biyu ma haka. Na canja kan waya, na sauya bakin suwic, na zagi mai shagon da ya sayar mini da kayan, a zuciyata dai, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. A sati na uku Mama ta sa matata ta sauko mata da jakarta daga kan kabad.

Alhamis ta huɗu na roƙi izini na dawo da rana tsaka, lokacin zafin bazara. Na shiga ɗakin ban yi sanarwa ba, na nemi rauta na rasa. A inda na ajiye ta akwai wani tulin saƙa mai ruwan hoda, ninki biyu, da gilashin furen roba a kai. Na ɗaga, na taɓa rautar, ta kusa ƙona mini hannu.

Tun muna yara, duk abin da ke da daraja a gidanmu sai Mama ta saƙa masa riga da kwarashi: rediyo, keken ɗinki, Littafi Mai Tsarki. Kuma ba a taɓa abu da rigarsa a kai, shi ya sa duk ranar da na ce zan zo in duba, sai ta cire ta ninke, kafin in gama tuwo rautar ta huce.

"Mama, ai wannan abin numfashi yake yi. Kin toshe masa hanci."

Ta dube ni da mamaki. "To in bar shi tsirara? Abin da ke kawo mini mutanena?"

Na ajiye rigar a gefe. Na ja kujera na zauna, muka jira rautar ta sha iska. Ƙarfe huɗu ƙanwata ta kira. Matan suka cika fuskar wayar, kowacce na ture 'yar'uwarta don ta gaisa, ana ta "Sannu, Mama, yaya Kaduna?" Da suka ɗauki waƙa, Mama ta buɗe murya, tana buga gefen gado maimakon tulun da ta saba bugawa. Har aka yi addu'ar rufewa hoton bai tsaya ba.

Washegari na ga ta warware rigar, tana sake saƙa ta. Ta mayar da ita ɗan faifai, ta shimfiɗa a ƙarƙashin rautar, ta ce tunda abin ba ya son riga, ai ba zai ƙi wurin zama ba. Jakar tana nan a bakin gado, ban yi ƙarfin halin tambaya ba.

Ranar Lahadi ina shirin tafiya ƙauye kai saƙo, ta kira ni. Ta ce in mayar da jakar kan kabad, tana tare mata hanya. Na ɗauka na mayar.

"In ka je," in ji ta, "ka taho mini da tuluna. Gefen gadon nan ba ya ba da sauti."